Wa Ke Aiko Mutane Teburin Zuwaira?

Shafi na 23

Masu ƙorafin na yi shiru, ku yi haƙuri, wutar unguwarmu ce ta yi yaji, ba ni ba. Na ga addu'o'inku, na ga har da masu harara ta ta waya, duka na gode. Ku gyara zama.

*

"Rufe ƙofar, Zuwaira."

Tun da take aiki a gidan littattafan nan, Mushe Idirisu direkta bai taɓa ce mata ta rufe ƙofar bironsa, wato ofishinsa, ba. Ƙofar ma ba ta son rufuwa, sai an ɗaga ta an tura da gwiwa. Ta ɗaga, ta tura.

Madam Rabi'atu na zaune a gefe, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ita ce ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin gidan ta turo daga Yamai, ta duba ko teburin tambayoyi ya isa a sa masa ma'aikaciya ta dindindin, ko a kawar da shi a aje injin fotokofi a wurin. Wannan teburi kuwa shi ne duk rayuwar Zuwaira tun da ta karɓo difulom ɗinta. Mutum ya zo da abin da ya ɗaure masa kai, ita ta tono masa amsa a littafi ko a ordinatar, wato kwamfuta, ko ta nuna masa biron da zai dosa da takardun da zai riƙa. Estaj take yi bayan estaj, aikin koyo ke nan, babu tabbas, babu komai. Abokan karatunta duk sun watse: ɗaya tana adana takardu a kotu, ɗaya gidan rediyo ya ɗauke shi, ɗaya kuwa ta haƙura tana sayar da turaren wuta a waya. Ita kaɗai ta kafe a nan.

"Na zauna a bencinki jiya da shekaranjiya," in ji Madam. "Na ga yadda kike yi da mutane. Ba zan ɓoye miki ba, kin burge ni."

"Na gode, Madam."

"Kada ki yi saurin godiya."

Madam ta gyara zama ta ci gaba.

"Duk wanda ya tashi daga gabanki, sai na bi shi waje na tambaye shi wa ya nuna masa wurin nan. Manomi daga Gaffati. Mata biyu daga Tirmini. Wani Bakano mai sayar da atamfa. Wani tsoho daga Dakusa da ko gani ba ya yi sosai. Mutanen da ba su san juna ba, amma amsarsu guda."

"Me suka ce?"

"Mai gyaran rediyo na Kasuwar Dole."

Zuwaira ta kusa yin dariya don sauƙin da ta ji.

"Ai masu gyaran rediyo suna da yawa a Dole, Madam."

"Dogo ne, siriri, da zanen Barebari a fuska. Tabaransa an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Rumfarsa na jikin ta masu tabarmi. Ba Yakuba suke ce masa, wato Baba Yakuba."

Dariyar ta maƙale.

Mushe Idirisu ya sunkuyar da kai yana wasa da alƙalami, don shi ya riga ya sani.

"Kin san shi?" in ji Madam.

"Mahaifina ne."

"To kin ga matsalar." Madam ta sauke ƙafarta. "Ni ban ce kin yi komai ba. Amma in na kai rahoto Yamai na ce benci a cike yake, wani ya ɗaga hannu a komite ya ce ai uban yarinyar ne ke tara mata mutane, me zan ce? Za su ce haya aka yi. Za su ce kun shirya ne don ku rufe mana ido."

"Wallahi Madam, ban sani ba. Wallahi tallahi."

"Gida ɗaya kuke kwana."

"Ba ya yi mini magana."

"Faɗa kuka yi?"

"A'a. Ni ce 'yar fari."

Madam ta ƙura mata ido.

Ku da kuka tashi a irin gidajen nan kun san zancen. Ba Yakuba bai taɓa kiran sunan Zuwaira ba tun ranar suna. A ɗakin kakarta ta girma. In ta shigo zaure, sai ya tuna yana da abin yi a waje. Ranar da ta kawo difulom gida tana rawar jiki, ko taɓa shi bai yi ba, mahaifiyarta Ya Fanta ya kalla ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta aje shi inda ɓera ba zai ci ba." Ƙanensa kuwa a gabansa yake kiran aikin nata gadin littattafai, shi ko tari ba ya yi. Zuwaira ta san kunya ce ta al'ada, ta sani sarai. Amma can cikin ranta ta daɗe da yanke cewa bayan kunyar akwai raini, mutumin nan gani yake ta ɓata shekarunta a banza.

Yau kuma a ce shi ne? Kai, abin bai shiga kanta ba.

"Gobe da safe zan koma," in ji Madam. "Ki kawo mini shi bayan la'asar. Zan ɗauki muryarsa a waya, komite su ji daga bakinsa. In bai zo ba, zan rubuta abin da na gani, kuma kin san yadda za a karanta shi."

*

Ranar Alhamis ce, kasuwa ta cika ta batse. Ɗan kabu-kabu ya sauke ta bakin layin masu tabarmi ya ce daga nan sai ƙafa.

Ta hango mahaifinta tun daga nesa, ya duƙa kan wata tsohuwar rediyo da aka buɗe mata ciki, hayaƙin dalma na tashi. Kusa da shi Alkasum ne mai tabarmi, mutumin Gaffati, maƙwabcin rumfarsa, yana ɓare gyaɗa. Zuwaira ta gane shi nan take. Bara ya zo teburinta kamar zai yi kuka, ƙwari sun cinye masa wake a rumbu, ta nemo masa bayanin buhun nan mai ruɓi uku da inda ake samunsa.

Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ina wuni."

Ba Yakuba bai ɗago ba. Sai dai ƙarfen da ke hannunsa ya tsaya.

"Alkasum, tambayi mutanen nan ko lafiya suka fito cikin wannan rana."

Alkasum ya ƙyalƙyale da dariya. "Madam ɗin littattafai! An ce lafiya?"

"Ba lafiya ba, Baba Alkasum."

Dariyarsa ta ɗauke.

Ta zayyana musu komai, idonta a ƙasa. Baƙuwar Yamai, tambayar da ta riƙa yi wa mutane, maganar haya. Tana magana, ita kanta ba ta san ko haushi take ji ko mene ne ba.

Can gefe wani na ta rantsuwa a kan kuɗin tabarma.

"Haya?" Alkasum ya zabura, ɓawon gyaɗa ya watse daga cinyarsa. "Ni aka yi haya? Ni da wakena ya kai har damina babu ƙwaro ko ɗaya? Ina matar take?"

"Zauna, Alkasum," in ji Ba Yakuba.

"Ba zan zauna ba. Kai ma laifinka ne, tun yaushe nake ce maka ka faɗa mata?" Ya juyo wurin Zuwaira. "'Yata, bari ki ji. Akwai ranar da kika koma gida kina yi wa innarki kuka, kika ce kin wuni a teburi ko kare bai leƙo ba, za a rufe wurin?"

Zuwaira ta ɗaga kai. Ta tuna. Farkon zuwanta ne.

"To yana zaure, ya ji. Washegari ya zo nan ko shayi bai sha ba. Kin san mai kawo rediyo gyara ba ya zama shiru, kafin a gama ya kwashe damuwarsa duka ya zube. Tun daga ranar, duk wanda ya buɗe baki ya ce kaza ya dame shi, sai wannan ya ce, je ka gidan littattafai, akwai wata ma'aikaciya, ka gaya mata. Wata ma'aikaciya fa! Ni kaina sai da na je na dawo na ga kamanninku, na ce kai Yakuba, wannan hancin ai naka ne."

"Alkasum, ka cika surutu."

"Na cika ɗin."

Zuwaira ta kalli mahaifinta. Shi rediyo yake kallo, yana ta juya wani ɗan ƙusa da ya riga ya ɗauru. Duk fuskokin nan da suka cika mata benci, duk ranakun da ta koma gida tana jin ita ma mutum ce, ashe daga wannan 'yar rumfar suke fitowa. Tana so ta ce na gode, amma ta san in ta faɗa tashi zai yi ya bar mata rumfar.

Ba Yakuba ya aje ƙarfen a hankali. Rediyon ya tambaya, ba kowa ba.

"Na ɓata ke nan?"

Yadda ya faɗe shi ya sa hawayenta zubowa.

"Ba ka ɓata ba, Baba. Zuwa kawai za ka yi ka faɗa musu gaskiya."

Ya juya wurin maƙwabcinsa.

"Alkasum, ka duba mini rumfa bayan la'asar."

*

An ɗauke wuta, biron direkta ya zama tanda, don haka a babban ɗakin karatu aka zauna, tsakanin kantocin littattafai. Ba Yakuba ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a. Ya zauna a bakin kujera kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Zuwaira na can ƙarshen teburi, ya ba ta gefen kafaɗa.

Madam ta gaishe shi da ladabi, ta aje waya a tsakiya, ta danna. Ta faɗi sunansa da Faransanci, ta faɗi cewa mahaifin ma'aikaciyar ne.

"Baba, kai kake turo mutane nan?"

"Ni ne."

"Kana ba su wani abu?"

"Subhanallahi. Allah ya kiyaye."

"'Yarka ta san kana yi?"

"Ba a sani ba."

"To, a ganinka, 'yarka ta iya aikinta?"

Mushe Idirisu ya rufe ido, don ya hango abin da ke tafe.

Ba Yakuba ya gyara hula. Ya yi ɗan murmushin nan na manya.

"Wa? Yarinyar nan? Ai me ta sani. Yarinya ce, sai dai a yi ta haƙuri da ita. Ba ta iya komai ba, ku ne dai kuke rufa mata asiri."

Tabɗi!

Mushe Idirisu ya dafe kai da hannu biyu. Zuwaira ta ji kamar an watsa mata ruwan randa.

Madam ta kashe wayar.

"Baba, ka saurare ni. Na san abin da kake yi. Ni ma 'yar fari ce, har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Amma wannan muryar taka juya ta za a yi zuwa Faransanci, a karanta wa mutanen da ba su san ka ba, wasunsu ma ba su taɓa taka Damagaram ba. Abin da za su ji shi ne: uba ya ce 'yarsa ba ta iya komai ba, amma yana turo mata mutane. Ka ga ka ƙarasa ta da bakinka."

Murmushin ya gudu daga fuskarsa.

"Mu sake," in ji Madam. Ta danna. "Baba, 'yarka ta iya aikinta?"

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya kalli rufin ɗaki, ya kalli tagar da ke gabansa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"To… ana dai lallaɓawa."

"Baba!"

"Madam, ki yi mini rai." Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Ki tambaye ni komai. Wannan bakina ba zai iya ba. Ubana bai yi ba, kakana bai yi ba. A gabanta kuma?"

"To ni me zan kai Yamai?"

Mushe Idirisu ya fara cewa ko za a kira Alkasum, Madam ta girgiza kai, ta ce shaidar wanda aka aiko ba ta wanke wanda ya aiko.

Zuwaira ta kalli hannuwan mahaifinta a kan gwiwarsa, duk tabon ƙunar dalma. Sai ta ga abin da take gani kullum a teburinta. Mutum ya zo da magana a cikinsa, amma ba ta fita ta ƙofar gaba. Mace ta zauna ta ce wata ƙawarta ce ke fama da wani ciwo. Saurayi ya ce wani abokinsa ne ya faɗi jarrabawar bak, ko akwai abin da zai iya karanta. Ba a ce musu ƙarya kuke, ku ne. Ana tambayarsu labarin ƙawar ne da abokin, har su samu abin da suka zo nema su tafi da mutuncinsu.

"Madam, in yi magana?"

"Ina jin ki."

"Ki daina tambayarsa 'yarsa. Ki tambaye shi ma'aikaciyar teburin can. Ni zan ba ku wuri."

Ba ta jira amsa ba. Ta tashi, ta zaga bayan kantar manyan ƙamus, inda ba a ganin ta. Nan ta zauna a ƙasa ta jingina da littattafai.

Ta ji ƙarar danna waya.

"Malam Yakuba," in ji Madam, muryarta ta canza, "a bar maganar iyali, ba ita ta tara mu ba. Akwai wata ma'aikaciya a gidan nan da kake turo wa mutane. Mene ne labarinta?"

Zuwaira ta kasa kunne.

Sai ta ji gyaran murya.

"Wannan ma'aikaciyar," in ji Ba Yakuba, "da farko ni ma ban yarda da ita ba."

"To?"

"Na ce wane irin aiki ne mutum ya zauna yana jiran tambaya? Sai na gwada. Akwai wani Bakano, Alhaji Auwalu, ya kawo iyalinsa nan, yana so ya sa yaransa lakol su yi boko, an yi ta yawo da shi daga wannan biro zuwa wancan har ya ce zai maida su gida. Na ce je ka wurinta. Da ya dawo karɓar rediyonsa na ce yaya? Ya ce Malam, ta zaunar da ni, ta tambaye ni har abin da ban san yana da amfani ba, ta gaya mini ƙofar da zan shiga da abin da zan riƙe. Yaran suna lakol yanzu."

"Sai ka ci gaba."

"Ban ci gaba haka kawai ba. Madam, ni ɗan kasuwa ne. In na tura mutum inda aka ɓata masa wuni, gobe ba zai kawo mini ko tocila ba, kuma zai gaya wa garinsu duka. Duk wanda na tura, in ya dawo sai na titsiye shi. Da mutum ɗaya ya ce mini banza ce, wallahi da na daina, ko 'yar wace ce."

Zuwaira ta toshe bakinta da gyale.

Shi kuwa kamar an buɗe famfo.

"Matan Tirmini masu man gyaɗa, ita ta nemo musu yadda ake yi wa ƙungiya rajista. Tsohon nan na Dakusa, rikicin iyakar gona ne ya hana shi barci, ta karanta masa abin da doka ta ce da Hausa, ta nuna masa inda ake sasantawa, bai kai ga kotu ba. Kuma abin da ya fi burge ni, in ba ta sani ba, cewa take ban sani ba, ka dawo jibi. Ka dawo kuwa ka tarar ta nemo. Mutum nawa ne a biro za su ce maka ban sani ba?"

Mushe Idirisu ya yi wata 'yar dariya ta jin kunya.

"Kuma ba ta da baki. An ce mini ko a gidansu ba ta taɓa faɗin wane ya zo da kaza ba. Ni duk abin da na sani, daga bakin masu shi na ji."

"An ce maka," in ji Madam.

"An ce mini."

"To Malam, a taƙaice, ta cancanta?"

"Ta wuce nan." Ya ja numfashi. "Duk wanda ya haifi wannan, ya kamata ya gode wa Allah safe da yamma."

"Kana ganin yana godewa?"

"Yana yi, Madam." Muryar ta karye. "Yana yi."

A bayan kantar ƙamus, Zuwaira ta kifa kai a gwiwa tana kuka marar sauti. Shekara da shekaru tana jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin nan, yau ga shi ta samu har ta rasa inda za ta zuba. Alhamdulillahi kawai take maimaitawa. Ta gode wa Allah, ta gode wa rumfar nan mai warin dalma, ta gode har wa Madam da ta tono zancen.

"Fito, Zuwaira," in ji Madam.

Ta share fuska ta fito. Ba Yakuba ya riga ya miƙe, ya juya baya yana karanta wata taswira a bango kamar ita ta kawo shi. Idon Madam ma ya yi ja.

"Wannan muryar ta isa," ta ce. "Babu wanda zai ji ta ya ce haya. Teburi ba zai rufu ba, na yi miki alkawari."

"Alhamdulillahi!" Mushe Idirisu ya buga teburi. "Kai, Alhamdulillahi!"

"Madam, Allah ya saka miki da alheri. Allah ya jiƙan mahaifinki. Ban san da wane baki…"

"Tsaya, ban gama ba."

Zuwaira ta tsaya.

"Akwai abin da ban faɗa muku ba, don sai na tabbata da ke. Gurbin dindindin guda ɗaya tak ƙungiya ke da shi bana, kuma ba a nan yake ba. A Yamai yake. Babban teburin tambayoyi, wanda zai riƙa horar da ma'aikatan sauran gidajenmu duka. An ce in duba ko zan samu wanda ya dace. Na samu."

"Nan fa?" in ji Mushe Idirisu.

"Nan za a bar teburi, amma da ɗan estaj za a ci gaba. In Zuwaira ta zauna, zama ne irin wanda take yi yanzu, babu tabbas, kuma ban san yaushe wani gurbin zai sake fitowa ba. In ta tafi, ta zama ma'aikaciya cikakkiya. Sai dai komite na zama jibi, kuma suna so su gan ta da idonsu."

Yamai. Tafiyar wuni guda cur a mota. Zuwaira ta kalli bencinta ta taga, ta kalli bayan mahaifinta. Yau ɗin nan ta same shi, yau ɗin nan kuma ake ce mata ta bar gari.

"Madam, mutanena fa? Tsohon Dakusa zai dawo ran Litinin. Kuma Baba…"

"Direkta."

Ba Yakuba ne. Har yanzu bango yake kallo.

"Na'am, Malam."

"Motar Yamai, da sassafe take tashi?"

"Da sassafe, Malam."

"To a faɗa wa yarinyar nan ta tafi."

"Baba…"

"A faɗa mata ta tafi," ya sake cewa da ƙarfi, kamar mai tsoron in ya yi a hankali ba zai ƙarasa ba. "Benci kuwa, muddin ina kasuwa, duk wanda aka zaunar a teburin can ba zai wuni shi kaɗai ba."

Ya fita da sauri. Ta taga Zuwaira ta hango shi ya yi hagu, hanyar da ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa gida, yana goge fuska da hannun babbar riga.

Madam ta ɗauki wayarta ta jefa a jaka.

"Kujera ɗaya ta rage a motata, Zuwaira. In aje miki?"